Darasi na 14: Bankin Waya a Ranakun Aiki da Ranakun Hutu

Manufar darasi

Idan muka kammala wannan darasi, kowane ɗalibi zai iya rarrabe aikin da bankin waya yake yi dare da rana da wanda dole sai ma'aikaci ya zauna a ofis. Zai iya ƙirga ranakun aiki a kalanda, zai kuma san inda zai kai kuka idan kuɗinsa ya maƙale a lokacin hutu. Malami ya shigo aji da kalandar bana, kowane ɗalibi kuma ya zo da wayarsa ko ta wani na gida.

Bankin da ba shi da ƙofa

A da, mutumin Toranke ko Gurduba a ƙasar Ajingi, ko na Kademi a ƙasar Gaya, idan yana da hulɗa da banki sai ya yi sammako ya nemi mota, sau da yawa har Wudil ko Dutse ko cikin birnin Kano. Ya bi layi, ya gama, ya dawo gida da la'asar. Reshen banki yakan buɗe da ƙarfe 8 na safe ya rufe da 4 na yamma, daga Litinin zuwa Juma'a. Kowa ya san haka, shi ya sa ba mai zuwa ƙofar banki ranar Sallah ya ce a buɗe masa.

Sai ga wani irin banki da ake buɗe asusunsa a waya. Bankin Wema ya fito da ALAT a 2017, OPay ya fara a 2018, PalmPay da Kuda a 2019, Moniepoint kuma ya shiga kasuwanninmu ta hannun masu POS. Amma abin da ya cusa su cikin ƙauyukanmu shi ne wahalar canjin kuɗi. Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ya sanar da sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000 a watan Oktoba na 2022, kuma a farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Mai gero da mai awaki da mai shayi duk suka koyi karɓar tiransifa don dole. Da wahalar ta wuce, asusun ya zauna.

Waɗannan bankuna sun sauƙaƙa wa talaka rayuwa, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai ofisoshinsu kaɗan ne, kuma a manyan birane suke, manyan ofisoshin galibinsu a Legas. Idan matsala ta taso, ba kanta da za ka je ka dafa, ba manajan da za ka jira a bakin ƙofa. Abin da ke hannunka shi ne lambar kira, da wurin rubuta saƙo a cikin manhaja, da adireshin imel. Don haka sanin lokacin da mutum yake bayan waɗannan hanyoyi, da abin da zai iya yi maka a lokacin, wani ɓangare ne na iya riƙe kuɗi.

Aikin na'ura da aikin mutum

Ku dubi famfon sola na unguwa. Ranar Sallah ma yana ba da ruwa, domin ba mutum ne yake jan guga ba. Amma ranar da injinsa ya tsaya, sai an jira mai gyara, shi kuwa mai gyara yana da ranakun da yake fita aiki. Haka bankin waya yake.

Tura kuɗi, karɓar kuɗi, sayen kati da data, biyan kuɗin wuta, duba abin da ya rage a asusu, duk na'ura ce take yi, ba ruwanta da dare ko Lahadi ko hutu. Idan ka tura kuɗi daga bankinka zuwa wani banki daban, saƙon yana bi ta wata cibiya da ake kira NIBSS, wadda ta haɗa bankunan ƙasar nan, kuma tsarinta na tura kuɗi nan take yana aiki tun 2011. Wato wurare uku ne kuɗin yake ratsawa: bankinka, cibiyar tsakiya, da bankin wanda ka tura wa. Idan ɗaya daga cikinsu ya yi jinkirin amsawa, sai a cire maka kuɗi, can kuma bai shiga ba. Sau da yawa na'urar da kanta take dawo da shi, cikin mintoci ko 'yan sa'o'i. Idan ba ta dawo da shi ba, magana ta koma hannun mutum.

Mutanen kuma kashi biyu ne. Akwai masu ɗaga waya da masu amsa saƙo. Wasu bankunan suna cewa nasu suna nan dare da rana, wasu kuma sun yanka sa'o'i, kuma sa'o'in sukan ragu a ranakun hutu. Kowa ya duba na bankinsa a cikin manhaja, a sashen neman taimako. A lura kuma cewa amsar farko da ke zuwa cikin ƙiftawar ido idan an rubuta saƙo, yawanci na'ura ce. Sai ka nace kana son magana da mutum kafin a sa ka a layi. Mai ɗaga waya zai iya rufe maka asusu ko kati, ya rubuta kokenka, ya gaya maka inda kuɗin ya tsaya.

Kashi na biyu su ne waɗanda ba a ganinsu, ba a kuma jin muryarsu: masu bin diddigin lissafi tsakanin banki da banki, masu duba takardun shaida, masu cire takunkumin da aka sa wa asusu. Aikinsu yakan buƙaci takwarorinsu na ɗaya bankin su ma su amsa, kuma mafi yawan wannan aiki a ranakun aiki ake yinsa. Shi ya sa za ka kira ranar Asabar, a ɗaga, a gaishe ka da ladabi, a rubuta komai, sannan a ce ka saurara zuwa kwana uku ko biyar na aiki. Wanda ya ɗaga wayar bai yaudare ka ba. Iyakar ikonsa ke nan.

Karatu: A rumfar mai POS

Ɗalibai uku su karanta wannan hira a bayyane. Misali ne na abin da yakan faru. Ranar jajibirin Babbar Sallah ce, wani dattijo ya sayar da ragonsa naira 180,000, mai saye ya yi tiransifa, dattijo bai ga komai ba. Suka nufi rumfar mai POS.

Dattijo: Yaro, duba min wayar nan. Alhaji ya ce ya turo, ni kuwa shiru, ko alat ɗin shigar kuɗi ban ji ba.

Mai POS: To Baba, sa lambar sirrinka da hannunka, ni zan kau da kai. Yawwa. Ba alat za mu duba ba, shi yakan makara. Cikin asusun za mu shiga. Gaskiya bai shigo ba, Baba.

Mai saye: Ga nawa, malam, ka gani da idonka. An cire min.

Mai POS: An cire, Alhaji, amma rasit ɗin bai ce ya tafi ba. Fendin yake, yana hanya. Yau kowa turawa yake yi, layin ya cushe.

Mai saye: To in sake turawa? Iyali suna jirana.

Mai POS: Kada ka sake, ranka ya daɗe. In ka sake, duka biyun suna iya shiga, ka koma neman Baba a ƙauye ranar Sallah. Ka ɗauki hoton rasit ɗin, ka kira bankinka yanzu. Kai ka tura, kai za su saurara.

Dattijo: Ni fa yaro, ba zan saki rago a kan hoto ba.

Mai POS: Kana da gaskiya, Baba. Ku je wurin dillalin da ya haɗa ku, a bar ragon a hannunsa, a rubuta a takarda da shaidu biyu. In kuɗin ya shiga, Alhaji ya ɗauki ragonsa. In ya koma masa, sai ya sake turawa ko ya kawo a hannu.

Rasit ɗin tiransifa yana nuna ɗaya daga cikin abu uku: ya tafi, yana hanya, ko ya faɗi. Da Turanci ake rubuta su, don haka malami ya nuna wa kowane ɗalibi siffar kalmomin a fuskar waya har ya gane su da ido. A jikin rasit ɗin akwai wata doguwar lamba mai alƙaluma 30, wadda masu POS suke kira sashan aidi. Ita ce shaidar wannan tiransifa ɗin shi kaɗai, da ita bankuna biyu suke nemo shi. Koken da ba ya ɗauke da ita yakan daɗe.

Wani abu kuma game da mai POS. Wakili ne, ba shi ne banki ba. Ba shi da ikon dawo da kuɗin da ya maƙale tsakanin bankuna, kuma sau da yawa nasa jarin ma yana maƙale a ranar. An sha cin mutuncin samari a rumfunansu a kan laifin da ba nasu ba. Haƙƙinka a kansa shi ne ya ba ka rasit, ko cinikin ya tafi ko ya faɗi, ya kuma kai maganar ga kamfanin da ya ba shi na'ura.

Yadda ake ƙirga ranar aiki

Nan ne mutane suka fi shan mamaki, don haka a tsaya a kansa sosai.

Ranar aiki a wurin banki ita ce Litinin zuwa Juma'a, ban da ranar da Gwamnatin Tarayya ta ba da hutu. Asabar da Lahadi ba sa shiga lissafi. Juma'a kuwa tana shiga, duk da cewa a wurinmu ranar masallaci ce, ranar kasuwar Wudil kuma.

Hutun tarayya iri biyu ne. Akwai masu tsayayyar rana: 1 ga Janairu, 1 ga Mayu ta ma'aikata, 12 ga Yuni ta dimokuraɗiyya, 1 ga Oktoba ta 'yancin kai, da 25 da 26 ga Disamba na Kirsimeti. Idan irin wannan rana ta faɗo a ƙarshen mako, gwamnati takan ba da Litinin a madadinta. Akwai kuma masu yawo a kalanda: Juma'a da Litinin na Ista, Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah, da Maulidi. Ministan Harkokin Cikin Gida ne yake sanar da su, yawanci saura 'yan kwanaki. Hutun da gwamnatin jiha ta bayar ita kaɗai, kamar na 1 ga Muharram da Kano take bayarwa, bai hana ma'aikacin da ke Legas zuwa aiki ba. Haka kuma hutun Ista da na Kirsimeti, waɗanda a Gaya da Ajingi kasuwa take ci kamar kullum, suna tsayar da aikin ofis a duk ƙasa. Mutum yana cikin hada-hadarsa a ƙarshen Disamba, lokacin da ake fitar da amfanin gona, bai san ofis a rufe yake ba.

Hutun Ƙaramar Sallah yana da wata sarƙaƙiya, domin ya danganta da ganin wata da sanarwar Sarkin Musulmi. A 2024 gwamnati ta ba da Talata 9 da Laraba 10 ga Afrilu. Ba a ga wata ba, azumi ya cika talatin, Sallah ta kama Laraba, sai aka ƙara Alhamis 11 ga wata. A wannan makon gaba ɗaya, Litinin da Juma'a ne kawai ranakun aiki.

Ga misalin da za mu yi tare a allo. Babbar Sallah ta 2025 ta kama Juma'a 6 ga Yuni, gwamnati ta ba da hutu a ranar da kuma Litinin 9 ga wata. A ce Alhajin da ke cikin hirarmu ya kai kokensa da yammacin Alhamis 5 ga Yuni, aka ce masa kwana biyar na aiki. Shi a ransa zai ƙirga Juma'a, Asabar, Lahadi, Litinin, Talata, ya sa ran ganin kuɗinsa ranar 10 ga wata. A lissafin banki kuwa, ranar 10 ita ce ta farko. Laraba 11 ta biyu. Alhamis 12 ga Yuni hutun dimokuraɗiyya ne, an tsallake. Juma'a 13 ta uku. Asabar da Lahadi an tsallake. Litinin 16 ta huɗu, Talata 17 ta biyar. Kwana biyar ya zama kwana 12. Ga ɗan kasuwar da jarinsa ke nan duka, kasuwa biyu ta wuce shi.

Saboda haka idan aka ba ka wa'adi, tambayi abu biyu: awa ake nufi ko ranar aiki, kuma wace rana ce ta ƙarshe a kalanda? Ka sa a faɗi ranar da sunanta, ka rubuta.

Ka san kuma cewa CBN ya yanka wa bankuna wa'adi a kan wasu matsalolin. A ƙa'idar da ta fara aiki a watan Yuni na 2020, idan na'urar ATM ta bankinka ta cire maka kuɗi ba ta ba ka ba, a dawo da shi nan take, in ya yi tsawo awa 24. Idan ta wani banki ce, awa 48. Cinikin POS ko na intanet da ya faɗi kuwa, a warware shi cikin awa 72. Da awa aka rubuta ƙa'idar. Kana da damar ka tuna wa mai ɗaga waya wannan, cikin lumana.

Abin da ba ya jiran ranar aiki

Matsala biyu ba a kwana da su: ɓatan waya da damfara.

A cunkoson filin idi da na kallon hawa ake yawan zare waya daga aljihu. Ɓarawon yanzu ya fi son layin da ke ciki a kan wayar kanta, domin da layin ake shiga asusu. Rufe asusu aikin na'ura ne, ana yinsa ko da tsakar dare. Yawancin bankuna suna da gajeriyar lamba mai tauraro da ake dannawa daga kowace waya, ko ta maƙwabci, a rufe asusu ko kati. Lambar ta bambanta daga banki zuwa banki. Wanda ya ajiye ta a cikin wayar da aka sace bai ajiye komai ba. A takarda ake rubuta ta, a bar ta a gida. Bayan asusu, sai a kira kamfanin layi a toshe layin. Dawo da layi da sake buɗe asusu su ne za su jira bayan hutu, kuma wannan jiran ba asara ba ce tunda kuɗin yana nan.

Idan kuwa ka ga an kwashe kuɗi ba da saninka ba, kira a wannan minti. Tun 2015 CBN ya umarci bankuna da kamfanonin kuɗin waya su kafa sashen yaƙi da damfara mai layukan da ake ɗagawa a kowane lokaci. Dalilin gaggawar shi ne ɓarawo ba ya barin kuɗi wuri ɗaya. Yana rarraba shi zuwa wasu asusun, ya cire a POS. Idan ka yi sauri, ana iya riƙe abin da bai riga ya fita ba. Wanda ya ce bari a gama Sallah ya ba ɓarawo kwana huɗu kyauta.

'Yan damfara sun san mutane suna cikin damuwa a lokacin hutu, sun kuma san layin banki yana cushewa. Sai su buɗe shafuka a Facebook da WhatsApp da tambarin banki, su sa lambarsu. Wani ya rubuta kukansa a fili, minti kaɗan a kira shi da murya mai daɗi, wani lokaci da Hausa tsantsa, a ce daga ofis ne, za a dawo masa da kuɗinsa yanzu, ya karanto lambar da ta shigo wayarsa. Yana karantawa an gama da shi. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar lambar sirri, ba ya tambayar lambar da aka turo ta saƙo, ba ya cewa a biya kuɗi kafin a dawo da kuɗi. Lambar kira ta gaskiya tana cikin manhaja da bayan katin ATM. Kai za ka kira su.

A nan akwai gyaran da ya rage wa bankunan kansu. Kamfanin da ya iya kai na'urar POS har Balare da Kunkurawa, yana karɓar ajiyar mutanen da ba sa jin Turanci, ya kamata ya tanadi mai amsa musu da Hausa a kowane lokaci, musamman a makon Sallah da cinikinsu ya fi yawa. Muddin ɗan damfara ya fi ma'aikacin banki saurin ɗaga waya da iya harshen mai kuka, za a ci gaba da cutar mutane. Duk sanda kuka kira, ku nemi a haɗa ku da mai jin Hausa. Yawan nema yana sa a tanada.

Asusun wa ne?

Banki da mai asusu kaɗai yake magana. Zai tambayi suna, ranar haihuwa, da wasu bayanan da ke jikin BVN ko NIN, kowacce mai alƙaluma 11. Wannan ya shafi mata ƙwarai. Mace tana sana'arta a cikin gida, ɗinki ko ƙuli-ƙuli ko kiwon tumaki, kuɗinta yana shiga asusun da aka buɗe da sunan ɗanta ko layin ƙaninta. Ranar da kuɗin ɗinkin Sallah ya maƙale, yaron yana Legas ko Fatakwal wurin neman kuɗi, wayarsa a kashe. Ita ce mai kuɗin, amma banki bai san ta ba. Duk mai sana'a, mace ko namiji, ya buɗe asusu da sunansa, da layin da aka yi wa rajista da NIN ɗinsa.

A duba matakin asusu kuma. Asusun matakin farko, wanda aka buɗe da ƙaramar shaida, yana da iyaka: abin da ake fitarwa a rana ba ya wuce naira 50,000, abin da ke ciki ba ya wuce 300,000. Wanda ya yi kiwon sa ko raguna biyu, aka turo masa abin da ya haura haka, kuɗin yana iya ƙin shiga, ko ya shiga a riƙe shi har sai an ɗaga matakin. Ɗaga mataki yana buƙatar shaida, wani lokaci sai mutum ya duba ta. A yi shi tun dabba tana turke.

Kuskuren lamba shi ma yana da wuyar gyara. Lambar asusu alƙaluma 10 ce, kuma kafin ka danna turawa sunan mai asusun yana fitowa. Karanta shi, ko ka sa a karanta maka. Idan kuɗi ya shiga asusun wani bisa kuskure, banki ba ya cirowa haka kawai. Sai mai asusun ya yarda, in ya ƙi sai da umarnin kotu, kotu kuma tana hutu ranar da banki yake hutu.

Idan banki ya yi shiru

Matakin farko kullum bankinka ne. Kai koke ta manhaja ko imel ko kira, ka ba da rana, lokaci, adadin kuɗi, da doguwar lambar rasit. Ka karɓi lambar koke, domin ita ce shaidar cewa ka kai. Ana iya kai koke ranar hutu, kuma ya fi kyau a kai a ranar, don a same shi a sahun gaba idan an dawo. Idan mako biyu ya cika ba a warware ba, ka rubuta wa Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na CBN, ka haɗa da lambar koken da hoton rasit. CBN yana da reshe a Kano, kuma ba a biyan ko kwabo. Wanda bai iya rubutun ba tukuna, ɗan ajinsa ko malaminsa ya taimaka masa.

Wasu suna tsoron cewa idan manhaja ta ƙi buɗewa ranar hutu, bankin ya gudu da kuɗinsu. Yawanci cunkoso ne ko gyara. Abin da ya dace a tabbatar tun farko shi ne bankin yana da lasisin CBN da inshorar hukumar NDIC. Tun 2024, idan banki mai lasisi ya rushe, NDIC tana biyan mai ajiya har naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankuna irin su Kuda da Moniepoint, da miliyan 5 ga mai asusun kamfanin kuɗin waya irin su OPay da PalmPay. Wannan inshora ta rushewar banki ce, ba ta biyan wanda ya ba ɗan damfara lambar sirrinsa.

Shirin mako guda kafin hutu

Manyan biye-biye, irin kuɗin rago, kuɗin tela, da saƙon da za a aika wa iyaye, a gama su saura kwana uku ko huɗu na aiki, yadda in wani abu ya faru akwai wanda zai gyara. A ciri tsabar kuɗin cefane da na mota da goron Sallah da wuri, domin idan rassan banki suka rufe, kuɗin hannun masu POS yana ƙarewa, cajinsu kuma yana tashi. Mai ciniki kullum ya riƙe asusu biyu a bankuna daban, kada jarinsa duka ya kwana wuri ɗaya. A tabbatar akwai caji da kati a waya, tunda kiran banki yakan ɗauki lokaci kafin a ɗaga.

Tambayoyi

1. Kawo ayyuka uku da bankin waya yake yi ranar Sallah, da biyu da sukan jira ranar aiki.
2. Me ya sa mai POS ya hana Alhaji sake tura kuɗin? Wa ya kamata ya kira banki, mai turawa ko mai karɓa?
3. Wata mata ta kai koke ranar Litinin 8 ga Afrilu 2024, aka ce mata kwana uku na aiki, a fara ƙirga daga ranar aiki ta gaba. Wace rana wa'adin ya cika? Kwana nawa ke nan a kalanda?
4. An kira ka ranar hutu an ce daga banki ne, ka karanto lambar da ta shigo wayarka. Me za ka ce, me kuma za ka yi bayan ka kashe wayar?
5. Ku tattauna a rukuni: a garinku, wa ake amincewa ya riƙe kaya idan tiransifa ya maƙale tsakanin mai saye da mai sayarwa? Me ya kamata a rubuta a takardar?

Aikin gida

Ka ɗauki kalandar bana ka zagaye duk ranakun hutun tarayya masu tsayayyar rana, ka sa alama a makon da ake sa ran Sallah biyu da Maulidi. Sannan ka sami takarda mai ƙwari ka rubuta abu huɗu da hannunka: sunan bankinka, lambar kiransa kamar yadda take a manhaja ko bayan kati, sa'o'in da suke amsa kira a ranar aiki da ranar hutu, da gajeriyar lambar rufe asusu. Kada ka rubuta lambar sirri a jikinta. Ka zo da takardar aji mako mai zuwa malami ya duba, daga nan ka ajiye ta a gida inda iyalinka suka sani.